Saiwoyi a Ƙasar da ta Daskare: Tambayoyi da Amsoshi kan Ɗumamar Yanayi a Yankunan Sanyi

Duk wanda ya kalli hoton ƙuryar arewacin duniya, abin da zai fara gani shi ne fili fetal, da gajerun ciyayin da ba su kai gwiwa ba, da dusar ƙanƙarar da ke lulluɓe su mafi yawan watannin shekara. Ganin haka sai mutum ya ɗauka babu wata rayuwa ta kirki a wurin, alhali kuwa yawancin jikin tsirran yankin a binne yake. A can ƙarƙashin ƙasa, inda saiwa ke cin karo da ƙanƙara, ake tantance ko ɗimbin kabon da ƙasar ta adana, wato sinadarin da ke jikin tsirrai wanda ke ƙara ɗumamar duniya idan ya shiga iska, zai ci gaba da zama a cikinta ko zai fice zuwa sararin sama. Tambayoyin da ke biye duk a kan wannan batu suke.

Mece ce daskararriyar ƙasa, kuma a ina ake samunta?

Ita ce ƙasar da zafinta bai haura digiri sifili a ma'aunin Salsiyas ba har tsawon shekara biyu a jere, ko laka ce, ko yashi, ko dutse. Shekara biyu ƙa'ida ce kawai ta masana, domin a wurare da yawa ƙasar ta shekara dubbai ba ta narke ba. Yankunan da ake samunta sun haura kashi ɗaya cikin biyar na tudun rabin duniya na arewa, wato Saiberiya, da arewacin Kanada, da Alaska, da Girinlan, da wasu sassan Norwe da Suwidin da Finlan, sai kuma tudun Tibet da ƙololuwar manyan tsaunuka. Kaurinta ya bambanta ƙwarai: a wasu sassan Yakutiya da ke gabashin Rasha daskarar ta nutsa kusan mita 1,500, a gaɓar arewacin Alaska kimanin mita 600, a gefen kudancin yankin kuwa 'yan mitoci ne, kuma a warwatse take.

Ta yaya tsiro zai kafa saiwa a ƙasar da ta daskare?

Ba a cikin daskarar yake kafawa ba. Saman ƙasar yana narkewa a ɗan gajeren lokacin zafi, ya sake daskarewa idan sanyi ya dawo, kuma a wannan ɗan falle mai narkewa dukkan saiwoyi, da ƙwari, da yawancin ƙananan halittun ƙasa suke gudanar da rayuwarsu. Masu bincike suna auna kaurinsa ne da sandar ƙarfe mai alamomin santimita. Mutum zai dafa sandar ya tura ta cikin gansakuka da jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana shiga a sauƙaƙe, can sai ta tsaya cak kamar ta taɓa daɓen siminti. Nan ne iyakar narkewar. A wasu wuraren santimita 30 ne kacal ko a ƙarshen lokacin zafi, a wasu kuwa yakan kai mita biyu ko fiye.

Saboda haka saiwoyin ba sa nutsawa, bazuwa suke yi. A tundura, wato filayen sanyi marasa itatuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na saiwoyi suna cikin santimita 30 na sama. Wanda ya san gawo, da yadda yake tura saiwarsa mitoci masu yawa har ta iske ruwa, zai ga cewa al'amarin a nan akasin haka ne. Hatta manyan itatuwa masu ganye kamar allura da ke dazuzzukan Saiberiya da Alaska, saiwarsu a shimfiɗe take kamar faifai, shi ya sa idan ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsu ta narke ƙasa ta lotsa, sai su karkace, wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, har ana kiran irin wannan daji da sunan dajin mashaya. Duk da rashin zurfin, saiwoyin suna da yawa matuƙa, domin a tundura da dama abin da ke binne na jikin tsiro ya ninka abin da ido ke gani sau da yawa.

Me ya sa ƙasar sanyi ta tara kabon mai yawa haka?

Saboda ruɓewa ba ta sauri a cikin sanyi da jiƙa. A gonakinmu na ƙasar Hausa, idan aka bar karan dawa a yashe bayan girbi, kafin damina ta zagayo gara ta cinye wani, zafi da ruwan farko sun ƙarasa sauran. A tundura babu gara, kuma bakteriya da funfuna ba su da lokacin aiki sosai sai 'yan makonni a shekara. Ganye da saiwar da suka mutu bana sukan kwanta a kan na bara ba su gama ruɓewa ba, a hankali kuma daskara ta haɗiye na ƙasa. Haka aka yi ta tarawa shekaru dubbai, har masana suka ƙiyasta cewa ƙasar yankin tana riƙe da kabon tan biliyan 1,400 zuwa 1,600, kusan ninki biyu ke nan na wanda ke cikin iskar duniya gaba ɗaya a yau.

Yadda ƙanƙara ke adana abu yana da ban mamaki. A gaɓar kogin Kolyma da ke Saiberiya ana ganin siraran saiwoyin ciyawar da ta tsiro tun zamanin da giwaye masu gashi ke kiwo a wurin, suna reto a jikin gangaren da ke narkewa. A shekarar 2012 masu bincike na Rasha suka ba da sanarwar cewa sun rayar da wani tsiro har ya yi fure, daga 'ya'yansa da suka kwana kimanin shekara 30,000 a cikin daskararren ramin kurege a wannan yanki.

Da gaske ne yankin ya fi sauran duniya saurin ɗumama?

Da gaske ne. Wani binciken masana yanayi na Finlan da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa daga 1979 zuwa 2021 yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, ya ɗumama da saurin da ya kusan ninka matsakaicin na duniya sau huɗu. A ranar 20 ga Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Verkhoyansk na Saiberiya, garin da aka sani da tsananin sanyi, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da wannan awo.

Idan ƙanƙara ta ja da baya, shin saiwoyi suna bin ta?

Wasu suna bi, wasu ba sa iyawa, kuma wannan bambanci ne zai sauya irin tsirran da za su mamaye filayen. Akwai wata ciyawa da masana ke kira Eriophorum vaginatum, wadda kanta ke fitar da farin gashi kamar auduga. Kowace shekara takan fitar da sabbin fararen saiwoyi marasa rassa, su miƙe ƙasa suna bin sahun narkewa, har bakinsu ya kusan taɓa ƙanƙara inda zafin ƙasa bai fi digiri ɗaya ko biyu ba. Amfanin wannan wahala shi ne naitirojin, sinadarin da tsiro ke samu daga taki. Ƙasar tundura matalauciya ce a wannan sinadari, amma akwai shi a kulle cikin daskara, kuma duk saiwar da ta fara isa wurin da ya narke ita ke kwashe shi. An kuma gano tun 1993 cewa wannan ciyawa tana iya shan naitirojin tun yana cikin sinadaran da jikin halittu ya bari, ba sai ƙananan halittu sun gama sarrafa shi ba. Gajerun itatuwa kuwa, saiwarsu a sama-sama take, don haka sun fi cin moriyar ɗumamar saman ƙasa.

Akwai kuma batun lokaci. Zurfin narkewa yana kai ƙarshensa ne a ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da ganye ya riga ya fara bushewa, to wa zai sha abin da ya narke? Binciken da aka yi kusa da Abisko a arewacin Suwidin, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa lokacin girman saiwa ya fi na ganye tsawo da kimanin kashi 50 cikin 100, domin saiwoyi suna ci gaba da tsiro bayan saman tsiron ya yi kamar ya mutu. Wannan ya nuna cewa tauraron ɗan'adam da ke auna koren ganye daga sama ba ya ganin wani babban kaso na shekarar tsiro.

An ce yankin yana ƙara kore. Ashe tsirran ba za su shanye kabon da ke fita ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarin koren gaskiya ne. A 2001 masu bincike suka kwatanta hotunan arewacin Alaska da aka ɗauka daga jirgin sama tsakanin 1948 da 1950 da sabbin hotunan wuraren nan dai, suka ga gajerun itatuwa sun yaɗu sun kuma ƙara cika. Ko shakka babu itacen da ya ƙara girma ya ɗauke kabon daga iska. Sai dai abin da ake bukatar sani shi ne jimillar abin da ya shiga da abin da ya fita, sama da ƙasa a haɗe.

A tashar bincike ta Toolik da ke Alaska an shafe kimanin shekara 20 ana zuba wa wasu filayen gwaji takin naitirojin da fosforas, domin a kwaikwayi ƙarin abincin da ɗumamar ƙasa za ta saki. Tsirran suka ninka yawan abin da suke fitarwa a sama, gajerun itatuwa suka rinjayi ciyawa, filin ya yi kyan gani. Da aka haƙa aka auna, sai aka tarar kowace murabba'in mita ta yi asarar kabon kusan kilo biyu, domin abin da ya ɓace daga zurfin ƙasa ya zarce abin da ya ƙaru a sama. An wallafa sakamakon a 2004. Haka kuma a yankin Abisko an gano cewa dajin da ke gangaren tsauni, duk da itatuwansa, bai kai filin tundurar da ke samansa yawan kabon ba idan aka haɗa da na cikin ƙasa.

Ɗaya daga cikin dalilan haka yana jikin saiwar ne kanta. Saiwa mai rai tana tsattsafo da sukari da wasu sinadarai a kewayenta. Ƙananan halittun da suka daɗe suna fama da yunwa a cikin tsohuwar ƙasa, da zarar sun samu wannan abinci mai sauƙi sai su farfaɗo, su sami ƙarfin da za su afka wa tsohon ruɓaɓɓen ciyayin da a da ya gagare su. Kamar dai a zuba ƙirare ne a kan garwashi, sai ga gungumen da ya ƙi kamawa ya kama. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2020 ya ce wannan kaɗai zai iya jawo ƙarin asarar kabon kimanin tan biliyan 40 daga ƙasar yankin kafin shekarar 2100, wato daidai da abin da duniya ke fitarwa a kusan shekara huɗu ta hanyar ƙona fetur da gawayin ƙasa da gas. A ƙarshen 2024 rahoton shekara-shekara na hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ya bayyana cewa, idan aka haɗa da gobarar daji, tundurar Aktik yanzu tana fitar da kabon fiye da yadda take sha. A ganina, duk wanda ya nuna hoton koren fili ya ce babu damuwa, bai haƙa ƙasa ya duba ba.

Wace rawa funfuna ke takawa a tsakanin saiwa da ƙasa?

Yawancin gajerun itatuwan yankin ba su kaɗai suke neman abinci ba. Suna da ƙawance da wasu halittu dangin funfuna da naman kaza, waɗanda ke naɗe bakin saiwa ko su shiga cikinta, su baza zarurrukan da suka fi gashi siranta cikin ƙasa. Funfunar tana kawo naitirojin da fosforas, tsiron yana biyanta da sukari. Wani bincike da aka yi a tsibiran tafkunan Hornavan da Uddjaure na Suwidin, aka wallafa a 2013, ya nuna cewa kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na kabon da ke ajiye a ƙasar dajin daga saiwoyi da funfunarsu ya fito, ba daga ganyen da ke zubowa ba kamar yadda aka daɗe ana zato.

Amma funfuna iri-iri ce. Wadda ke tare da ƙananan tsirrai masu 'ya'ya na tundura takan bar baƙaƙen zarurruka masu wuyar ruɓewa, su taru su zama ajiya. Wasu daga cikin waɗanda ke tare da dogayen itatuwan da ke shigowa yanzu kuwa, farfasa tsohon ruɓaɓɓen ciyayi suke yi domin su ciro naitirojin, kabon ya salwanta a hanya. Sauyin tsirrai a sama ke nan yana tafe da sauyin masu aiki a ƙasa. Akwai kuma itacen Alnus, mai ƙulle-ƙulle a saiwarsa inda bakteriya ke kamo naitirojin daga iska, kwatankwacin abin da manomi ke gani idan ya tumɓuke gyaɗa ko wake, kuma yaɗuwarsa tana ƙara wa ƙasa taki a inda a da babu.

Ina alaƙar saiwa da iskar metan?

Idan ƙasa mai ƙanƙara da yawa ta narke takan lotsa, ruwa ya kwanta, wurin ya zama fadama. A cikin taɓon da iska ba ta shiga, wasu ƙananan halittu suna ruɓar da ciyayi su fitar da metan, iskar da ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na kabon dayoksaid kusan sau 30 a tsawon shekara 100. Ciyayin fadama suna da ramuka a cikin kara da saiwa domin kai iska ƙasa, kamar yadda shinkafa take, kuma ta waɗannan ramuka metan ke hawowa kai tsaye, ya tsallake saman ƙasar da wasu bakteriya za su cinye shi. A fadamar Stordalen da ke kusa da Abisko an shafe shekaru gommai ana ganin busassun tuddai masu ƙanƙara a ciki suna rushewa suna zama kududdufai, ciyayin ruwa suna maye gurbin gansakuka da ƙananan tsirrai, metan kuma yana ƙaruwa.

Yaya za a ce ɗumamar yanayi tana kashe saiwa da sanyi?

Dusar ƙanƙara bargo ce. Idan ta yi kauri, ƙasar da ke ƙarƙashinta takan tsaya kusa da digiri sifili ko da iska ta yi sanyi mai tsanani. Idan ɗumama ta sa ta makara wajen sauka, ko ta narke da wuri, sannan aka sami dare mai tsananin sanyi, sai sanyin ya ratsa ƙasa tsirara. A kudu maso gabashin Alaska da gaɓar yammacin Kanada, wani itacen sida mai rawayan katako ya yi ta mutuwa a fili mai faɗin fiye da hekta 200,000, aka shekara da shekaru ana neman cuta ko ƙwaro ba a samu ba. Daga baya aka gano cewa siraran saiwoyinsa a sama-sama suke, kuma sanyin da ya kai kimanin digiri biyar ƙasa da sifili yana lalata su idan babu bargon da zai rufe su. A dajin gwaji na Hubbard Brook da ke Amurka ma, da aka kwashe dusar ƙanƙara da shebur daga wasu filaye, mutuwar ƙananan saiwoyi ta ƙaru, naitirojin kuma ya zurare ya bi ruwa.

Me gobara da sare daji suke yi wa ƙasar?

Suna yaye mata rigar da ke kare ta daga rana, wato gansakuka da tabarmar saiwoyi da inuwar tsirrai. Gobarar kogin Anaktuvuk ta 2007 a Alaska ta cinye murabba'in kilomita 1,039, ta saki kabon kimanin tan miliyan 2.1, kuma mafi yawansa daga ƙasar ne kanta, domin a irin wannan wuri ƙasa ma tana ci da wuta. Wani lokaci wutar kan kwana tana cin ƙasa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara har ta sake tashi a shekara mai zuwa. Ramin Batagaika na Yakutiya, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita ɗaya kuma yake ƙara faɗi kowace shekara, ya fara buɗewa ne bayan an sare dajin wurin a shekarun 1960. A Kytalyk kuma, a arewa maso gabashin Saiberiya, masu bincike sun cire gajerun itatuwa daga wasu filayen gwaji, cikin 'yan shekaru ƙasar ta lotsa ruwa ya kwanta. Gajerun itatuwan nan fuska biyu gare su: inuwarsu tana sanyaya ƙasa a lokacin zafi, rassansu kuma suna tare dusar ƙanƙara su hana ƙasa yin sanyi sosai a lokacin sanyi.

Shin dabbobi suna da tasiri?

Suna da shi. Gwaje-gwajen shinge a arewacin Turai sun nuna cewa inda barewar rendiya ke kiwo gajerun itatuwa ba sa saurin yaɗuwa. A Chersky ta Saiberiya, masanin Rasha Sergey Zimov da ɗansa Nikita suna gwada kiwon dawakai da ɓauna da wasu manyan dabbobi, bisa tunanin cewa tattake dusar ƙanƙara zai bar sanyi ya ratsa ƙasa ya tsare daskarar. Ko hakan zai yiwu a fili mai girman nahiya, masana ba su daidaita a kai ba. Tsutsar ƙasar nan da ake kira tana ita ma abin lura ce. A wurinmu alamar ƙasa mai kyau ce, amma dazuzzukan arewacin Amurka da Kanada sun shekara dubbai babu ita tun bayan zamanin ƙanƙara, sai da mutane suka shigo da ita, har da masunta da ke zubar da ragowar abin ƙugiyarsu. Inda ta shiga takan cinye shimfiɗar ruɓaɓɓen ganyen da ƙananan saiwoyi ke zaune a ciki.

Batun ya tsaya a ƙuryar arewa ne kawai?

A'a. A tudun Tibet, inda kogunan Yangtze da Mekong suka samo asali, wata gajeriyar ciyawa mai suna Kobresia ta saƙa tabarmar saiwa mai kauri wadda ke riƙe ƙasa da ruwa a makiyayar shanun yak. Idan yawan kiwo da daskarewa da narkewa suka tsattsaga ta, sai ta ɓamɓare ta bar baƙar ƙasa tsirara, kuma mayar da ita aiki ne mai daɗewa. A Afirka ma, a saman Kilimanjaro sama da mita 4,000, saman ƙasa yakan daskare da dare ya narke da rana, siraran alluran ƙanƙara suna ɗaga ƙasa su tumɓuke ƙananan tsirrai.

Ina ruwan manomin Sakkwato ko Maraɗi da wannan?

Iskar duniya ɗaya ce. Kabon da ya fita daga fadamar Saiberiya yana gaurayewa da sauran, ya ƙara zafin da ya riga ya yi wa Sahel yawa. Ba fashewa ce ta rana ɗaya ake tsammani ba, tsiyaya ce ta shekaru gommai da ɗaruruwa, kuma yawanta ya dogara ga yawan hayaƙin da mutane suka ci gaba da fitarwa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ana iya rufe masana'anta, amma babu wanda zai umarci ƙasar da ta narke ta daina ruɓewa, kuma duk tan ɗin da ta fitar yana rage abin da ya saura wa ƙasashe idan suna son cika alkawarin yarjejeniyar Paris ta 2015 na ƙoƙarin tsayar da ƙaruwar zafin duniya a digiri 1.5.

Yaya ake binciken abin da ido ba ya gani?

Da haƙuri. Ana binne bututun roba mai haske a karkace cikin ƙasa, a bar shi shekaru, a riƙa zura kyamara ana ɗaukar hoton wuri ɗaya lokaci bayan lokaci, sannan wani ya zauna gaban kwamfuta yana bin kowace saiwa, yana rubuta ranar da ta fito da ranar da ta yi baƙi ta mutu. Tun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na ƙasashe mai suna ITEX yake kafa ƙananan rumfuna masu buɗaɗɗen sama domin ɗumama filayen gwaji da digiri ɗaya zuwa uku. Kusa da Healy a Alaska kuwa shinge ake kafawa ya tare dusar ƙanƙara, ƙasa ta kwana da ɗumi a lokacin sanyi, sannan a kwashe rarar dusar kafin ta narke. Awon lokacin sanyi shi ne mafi wuya, ga duhu ga sanyin da ke kashe na'urori, amma wani nazari na 2019 ya ƙiyasta cewa ƙasar yankin tana fitar da kabon kimanin tan biliyan 1.7 tsakanin Oktoba da Afrilu kowace shekara. Kusan rabin tudun Aktik a Rasha yake, kuma tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 musayar bayanai tsakanin tashoshin Saiberiya da masu bincike na yammacin duniya ta ragu ƙwarai, daidai a yankin da daskarar ta fi zurfi kuma ajiyar kabon ta fi yawa.